Tsohuwar Peugeot 504 da aka farfaɗo: za ta iya hawa titi kuma ta shiga gasar tsere?

Ɗan_Kakuri
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masu sani a kan wata mota da ta tsaya mini a rai. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya sayi Peugeot 504 haɗin Kaduna a 1979, kuma bayan rasuwarsa ta yi shekara 17 a ajiye a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidanmu. Ranar da muka jawo ta zuwa gareji, ɓeraye sun cinye soson kujerun, ƙasan wurin ƙafar direba ya ruɓe har ina hango tsakuwar hanya ta cikin ramin, amma da muka ɗaga murfin injin sai muka tarar fistin bai kama ba, yana juyawa da hannu. Na shafe shekara biyu da rabi ina gyara ta a hankali: an yanke tsatsa an yi walda, an sauke injin an sa sababbin ringi, an wanke kafireto, an sake wayoyi gaba ɗaya, kuma yanzu tana tashi da kunnawa ɗaya. Burina shi ne in mayar da ita irin 504 ɗin da Ove Andersson ya ci gasar Safari ta Kenya da ita a 1975, amma ba tare da ta daina zama motar hawa ba. Ina so in je Masallacin Juma'a da ita, in je Zariya in dawo, sannan idan an shirya gasa a kan hanyar burji in shiga. Bakanikena ya ce taura biyu ba ta taunuwa, in zaɓi ɗaya. Shin gaskiyarsa ne?

Tsohon_Direban_Fijo
Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Ɗana, na yi shekara 26 ina jan Fijo doguwa tsakanin Kano da Maiduguri, saboda haka motar nan ba baƙuwata ba ce. Shawarata ita ce ka bar ta yadda mahaifinka ya san ta. Motar da ta tsira daga tsatsa da ɓeraye, bai kamata a ce kai ne za ka kai ta inda za ta kife a rami ba. Idan tsere kake so, ka nemi wata gangar jikin daban a kasuwar 'yan gwangwan ka yi abin da ka ga dama da ita.

Injiniya_Zazzau
Da girmamawa ga Baba Tsohon_Direban_Fijo, ina ganin maganar bakaniken ba ta cika daidai ba, kuma tarihin gasar ne ya nuna haka. Tseren rali ya bambanta da tseren fili irin na Formula 1. Motar rali tun asali motar titi ce, tana da lamba da fitilu da takardu, domin tsakanin zango da zango dole ta bi hanyar da kowa yake bi. Gasar Safari da aka fara a 1953 ta kasance gwaji ne na ganin wace motar da ake sayarwa a kanti za ta jure hanyoyin Gabashin Afirka, kuma a shekarun da muke magana tsawonta yana kai kimanin kilomita 5,000. Peugeot 404 ta ci ta a 1963 da 1966 da 1967 da 1968. A 1963 da 1968 motoci bakwai kacal suka kai ƙarshe, kuma a duka biyun 404 ce a gaba. Sannan 504 ta ci a 1975 a hannun Andersson ɗan ƙasar Sweden, wadda Malam Ɗan_Kakuri yake magana a kai.

Abin da ya ba 504 wannan nasara ba gudu ba ne, domin a gasar akwai motocin da suka fi ta ƙarfin inji. Sirrin yana ƙafafunta, waɗanda suke da doguwar tafiya sama da ƙasa kafin su buga, da kuma bututun nan mai kauri da ya rufe sandar da take kai ƙarfi zuwa tayoyin baya, wanda yake riƙe komai a layi ɗaya ko da hanya ta lalace. Duk wannan yana jikin motarka tun daga masana'anta. Saboda haka ana iya haɗa hawa da gasa, sai dai kowane ƙarfe da ka ƙara don gasa zai rage maka wani abu na jin daɗin hawa.

Mai_Walda_Panteka
Injiniya ya faɗi gaskiya, amma ina so in tsaya a kan wannan ƙarfen da ya ambata, domin nan ne sana'ata. Ba za a bar ka ka shiga gasa ta gaske ba sai da kejin ƙarfe a cikin motar, wato bututun da ake lanƙwasawa su zagaye direba don kada rufi ya danne shi idan ta kife. Abin da nake gani yana tayar mini da hankali shi ne masu zuwa da bututun famfo su ce a lanƙwasa musu. Bututun famfo yana da ɗinki a tsawonsa, kuma a nan yake tsagewa idan ya sha duka. Na keji sai bututun da aka ja shi ba ɗinki, kuma ƙafafunsa dole su zauna a kan faranti mai kauri da aka walda a jikin motar. Oga Ɗan_Kakuri, ka ce ƙasan motarka ya taɓa ruɓewa. Kafin ka yi maganar keji, ka sa a kankare fentin wurin a ga irin waldar da aka yi. Na taɓa ganin motar da aka kawo mana bayan haɗari, kejin yana nan lafiya lau, amma ƙafarsa ta huda ƙasan motar ta fita kamar an soka tsinke a tuwo.

Dakta_Ummi
Ina so in ƙara wani abu a kan maganar Malam mai walda, a matsayina na mai aiki a sashen da ake karɓar waɗanda suka yi haɗari. Kejin da yake ceton rai a filin gasa yana iya zama sanadin rasa rai a kan titi. A gasa direba yana sanye da hular kwano, an ɗaure shi da bel mai ɗauri huɗu ko shida a kujerar da ta rungume shi, don haka kansa ba ya isa ga ƙarfen. A hanyar Zariya kuwa hula zanna ce a kanka, kuma ƙaramin karo daga gefe ya isa ya haɗa kanka da bututu. Idan har za ka sa keji, to a naɗe duk inda kai zai iya taɓawa da soso mai tauri wanda aka yi don wannan aiki, kuma kada a taɓa ɗaukar yaro ko babba a kujerar baya. Ina roƙon ka da ka ɗauki wannan da muhimmanci.

Ɗan_Kakuri
Na gode ƙwarai, Dakta. Gaskiya ban taɓa kawo wannan a raina ba, kuma ya taɓa ni, domin cikin abin da nake buri har da ɗaukar mahaifiyata a kujerar baya, inda ta saba zama shekara da shekaru.

Bazango_Kumasi
'Yan'uwa, ina gaishe ku daga Kumasi. Ni wata tambaya ce take damuna tun farkon muhawarar. Motar Malam Ɗan_Kakuri ba ta taɓa shiga tsere ba, motar gida ce. Idan ya yi mata fenti da lambobi irin na motar Andersson, me za mu kira ta? A ganina akwai bambanci tsakanin motar tsere da aka farfaɗo da motar gida da aka yi wa kwalliyar tsere. Na ga wani a nan da ya manna wa tasa lambar gasa a ƙofa, yana gaya wa mutane ta shiga gasar tseren Bandama ta ƙasar Kwaddebuwa, alhali daga tashar mota ya saye ta. Wannan ba daidai ba ne.

Injiniya_Zazzau
Tambayarka tana kan hanya, ɗan'uwa Bazango_Kumasi. Hukumar wasannin motoci ta duniya, FIA, tana da wata takarda da take bai wa tsofaffin motocin gasa, kuma abin da takardar take tabbatarwa shi ne an ƙera motar daidai da yadda ake ƙera irinta a zamaninta. Ba ta shaidar cewa wannan motar ce ta ci wata gasa. Ke nan an yarda mutum ya ɗauki motar gida ya gina ta a kan ƙa'idar wancan lokaci ya shiga gasa da ita, kuma yawancin motocin da suke shiga gasar tsofaffin motoci haka aka same su. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ƙaryar tarihi. Da yake ka ambaci Bandama, 504 ta ci ta a 1975 da 1976 da 1978, amma ta 1976 da ta 1978 mai ƙofa biyu ce mai injin V6, wato mai silinda shida, irin wadda Jean-Pierre Nicolas ya ci Safari da ita a 1978. Wannan wata mota ce daban da mai ƙofa huɗu da aka haɗa a Kakuri, duk da sunansu ɗaya.

Sarkin_Rewaya
Ni dai gargaɗina a kan wuta ne. Ka sa makunni guda wanda yake yanke batir gaba ɗaya, ka sake duk robobin mai, ka ajiye abin kashe gobara a inda hannunka zai kai kana zaune. Tsohuwar mota wuta ce take cinye ta fiye da karo.

Ba'agadashe_79
Salamu alaikum daga Agadas. Ina yaro lokacin da gasar Paris zuwa Dakar take ratsa garinmu. Tun karon farko, wanda ya tashi daga Paris ranar 26 ga Disamba 1978, hanyar ta biyo ta Tamanraset ta sauko Agadas ta wuce Yamai. Abin da ba na mantawa shi ne daren da suke kwana. Bakanikai suna kwance a ƙarƙashin motoci da fitilu a goshinsu har asuba, mu kuma muna tsugune muna kallo, wani lokaci su miƙo mana fanko ko tsohon fulogi mu tafi da shi gida kamar mun sami zinariya. A nan na fara ganin Peugeot 504 mai jan ƙafa huɗu, wadda kamfanin Dangel yake juyawa, tana da tsayi kamar an ɗora ta a kan jaki.

Amma akwai ɗaya gefen, kuma mu da muka zauna a bakin hanyar mun san shi. Gasar ta kashe mutane a ƙauyukan ƙasashen da take bi, har da yara, waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Saboda haka duk lokacin da na ji matashi yana maganar tsere, tambayata ta farko ita ce a ina, kuma wa ya rufe hanyar. Malam Ɗan_Kakuri, idan ka ga dama ka duba sashen da aka buɗe a gasar Dakar a 2021 a Saudiyya don tsofaffin motoci. A can ba wanda ya fi gudu ne yake ci ba. Ana ba ka matsakaicin gudun da za ka riƙe, kuma ana cire maka maki idan ka iso da wuri ko ka makara. Irin wannan gasa ta fi dacewa da motar gado.

Matashi_Mai_Sitiyari
Ina neman afuwar manya, amma ina ganin ana tsorata shi da yawa. Mu a nan muna fita da motocinmu ranakun biki muna juyi a fili, kuma ba wanda yake da keji ko hular kwano. Idan sai an cika duk waɗannan sharuɗɗa, babu talakan da zai taɓa shiga wannan harka.

Tsohon_Direban_Fijo
Yaro, wasan mota a wurin biki ba gasa ba ce, ganganci ne. Na halarci jana'izar yarinyar da mota ta ƙwace ta hau kanta tana tsaye a cikin 'yan kallo, kuma mai motar har yau bai dawo daidai ba. Kada ka kawo wannan a cikin maganar mutumin da ya shafe shekara biyu da rabi yana gyara motar mahaifinsa.

Hajiya_Mai_Takardu
Bari in dawo da mu kan ɓangaren titi, domin an fi mayar da hankali kan gasa. Motar da ta yi shekara 17 a ajiye takardunta sun daɗe da mutuwa, kuma da sunan marigayi suke. Kafin komai sai ka daidaita maganar gado da sauran magada, a rubuta cewa motar ta zama taka, sannan a sabunta rajista da inshora da takardar lafiyar mota. Ka kula da lambar da aka buga a jikin motar da ta injin, kada mai walda ya yanke wurin ko ya shafe ta da fenti mai kauri. Idan ka canja launi ko ka sa wani injin, dole takardu su nuna haka. Ni kaina na sha wahalar wannan da motar mijina, na yi ta zarya wata huɗu a wani ofis saboda lamba ɗaya da ta sha bamban. Sannan ka tambayi mai inshorarka a rubuce, domin inshorar hawa ta yau da kullum ba ta biyan abin da ya faru a cikin gasa.

Bakanike_Ƙofar_Ruwa
Ranki ya daɗe Hajiya, kin taɓo wuri mai muhimmanci, musamman maganar injin. Kullum sai an zo mana da 504 a ce a cire injinta a sa na motar Japan don a huta. Ni ba na hana kowa, amma idan ka yi haka ka fita daga ajin tsofaffin motoci, kuma ka raba motar da abin da ya sa take da daraja. Injin 504 mai sauƙin sha'ani ne. Silindojinsa hannun riga ne da ake zarewa a sa sababbi, don haka ba ya tsufa yadda wasu suke tsufa. Abin da yake kashe shi zafi ne, saboda kansa na alminiyam ne, idan ya tafasa sau biyu sai ya lanƙwashe ya ƙona gaskit. Ka ba lagireto haƙƙinsa, ka daina zuba masa ruwan rijiya.

Ga abin da zan yi da a ce tawa ce. Zan sa faranti mai kauri a ƙarƙashin injin da wani a ƙarƙashin tankin mai, in sa shokazoba masu ƙarfi, in ƙara waldar ɗinki a inda ƙafafun gaba suke haɗuwa da jiki, in sa fitilu biyu na ƙari a gaba. Duk waɗannan ba sa hana Hajiya babba zama a baya, kuma yawancinsu ana kwance su da sifana. Ka fara neman wilin ajiya tun yanzu, domin tazarar ramukan notin 504 ba ta zo daidai da ta yawancin motocin yau ba, sai irin na 505 da wasu tsofaffin Subaru.

Bazango_Kumasi
Na gamsu da bayanin Injiniya a kan takardar. Amma har yanzu ina ganin kada ya sa lambar motar Andersson a ƙofa. Ya sa shekarar da mahaifinsa ya saye ta, wannan tarihin nata ne na gaskiya.

Malamin_Tarihi_Gusau
Ina bin muhawarar nan tun jiya, kuma akwai labarin da ya dace da ita. A 1965 Joginder Singh na Kenya da ɗan'uwansa Jaswant sun ci Safari da Volvo PV544 wadda ba sabuwa ba ce. Motar ta riga ta shiga gasar a shekarar da ta gabata ta sha wuya, su kuma suka karɓe ta suka gyara da hannunsu, suka zo suka wuce motocin da kamfanoni suka turo. Da tsohuwar zuma ake magani. Kuma a Kenya har yanzu ana yin gasar Safari ta tsofaffin motoci, wadda aka fara a 2003, inda Datsun 240Z ta ci karon farko, daga baya Porsche 911 ta yi ta ci a hannun tsofaffin gwanaye irin su Björn Waldegård a 2011 da Stig Blomqvist a 2015. Abin da yake ba ni takaici shi ne mu da aka haɗa 504 a ƙasarmu tun daga 1975 har shekara kusan talatin, mun bar su suna ruɓewa ana sayar da su a kilo. A bikin kamun kifi na Argungu an sha haɗawa da ralin motoci. Me zai hana masu irin wannan sha'awa su nemi a ware wa tsofaffin motoci nasu aji a irin wannan taro?

Matashi_Mai_Sitiyari
Baba, na karɓi faɗanka, kuma Allah Ya jiƙan yarinyar. Idan da za a sami wuri a rufe da ajin da ba ya buƙatar kuɗi mai yawa, da mu ne farkon zuwa. Rashin wurin ne yake kai yawancinmu titi.

Mai_Walda_Panteka
Ina da ja a kan maganar Oga na Ƙofar Ruwa. Faranti da shokazoba suna ƙara wa direba ƙarfin zuciya, sai ya riƙa taka mota fiye da da, alhali abin da zai kare shi idan ta kife ba ya nan. Ko dai a yi shirin gasa cikakke, ko a bar ta motar gida. Rabin shiri shi ne mafi haɗari.

Injiniya_Zazzau
A nan ne nake ganin shawarar ɗan'uwanmu na Agadas ta raba gardama, ko da yake kowace gasa tana da nata sharuɗɗan kayan kariya, kuma sai an karanta su kafin a sayi ko da noti ɗaya. Gasar riƙe lokaci mai matsakaicin gudu ba ta matsa wa mota yadda tseren gudu yake yi. Idan kuwa tseren gudu ne, ina tare da Malam mai walda ɗari bisa ɗari, kuma a tuna cewa bel ɗin gasa ma yana da wa'adin shekara biyar, bayan haka ba a karɓar sa.

Ɗan_Kakuri
Allah Ya saka wa kowa da alheri. Jiya da daddare na karanta wa mahaifiyata wasu daga cikin amsoshin nan, kuma ta ce ita dai kada a cire kujerar baya tana raye. Don haka maganar keji a wannan motar ta tsaya tukuna. Ranar Asabar zan kai ta a kankare ƙasan a duba waldar, kamar yadda Malam mai walda ya ce, sannan in fara bin takardu. Faranti da fitilu ina nan ina tunani, domin maganganun Oga na Ƙofar Ruwa da na Panteka duka sun shige ni. Akwai kuma wata 504 da na gani ba injin a bayan wani gareji a hanyar Kachia, jikinta bai ruɓe sosai ba, zan je in ji kuɗinta.

Bakanike_Ƙofar_Ruwa
Idan ka je, ka ɗaga kafet ɗin but ka duba inda tayar ajiya take, ka kuma leƙa ƙarƙashin gilashin gaba ta ɓangarorin biyu, domin a nan ruwa yake kwanciya. Ka ɗauko hoton wuraren ka sa mana a nan kafin ka biya ko sisi.